Yadda Goggo Ta Koma Farin Gada da Ƙafarta

Allah ne ya ba mu aron Goggo, kuma ya karɓi abinsa wata ranar Laraba da hantsi, ana yayyafi. Ba ta yi jinya ba a wannan karon. Ta sha kokonta, ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi, kafin a tsayar da abin hawa ta cika. Daga gare Shi muke, can kuma za mu tarar da ita.

Kafin azahar gidanta na Gada Biyu a Jos ya cika har bakin titi. Matan kasuwar Farin Gada suka zo ayari guda, wasu da hijabi, wasu da ɗaurin ɗankwali irin na zuwa coci, duk ƙafafunsu da taɓo, don daga rumfunansu suka taso. 'Yan dako suka jeru a jikin katanga, ba su shiga ba, ba su kuma tafi ba, har aka fito da makara suka sa kafaɗa. Mahaifina, ƙaninta, wanda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa da kai. Sai bayan an dawo daga maƙabarta ya buɗe baki, ya ce da ni, "Yau na zama maraya da furfurata."

Mama, maƙwabciyarta ta gidan da ke kallon namu, wadda suka daɗe suna musayar tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Da Hausarta ta mutanen kan dutse take ta cewa, "Hajiya ya tafi. Wa zai yi mini faɗa yanzu?"

Amma maganar da na fi ji a kwanakin zaman makoki ita ce, "Baiwar Allah, ta sha ciwo. Ta huta." Dangi na nesa ne suka fi faɗin haka, waɗanda suka gan ta sau ɗaya a gadon asibiti shekarun baya, ba su ƙara sanin yadda aka ƙare ba. Ina amsa musu da "Allah ya ba da lada," amma raina bai yarda ba. Gaskiya ne ta sha ciwo. Sai dai wanda bai san abin da ta yi da ciwon ba, bai san Goggo ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don jikokinta masu tasowa su ji labarinta daga bakin wadda ta wanke mata ƙafa.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni yaye, ba ta kuma mayar da ni ba. A ɗakinta na girma, daga hannunta aka kai ni gidan miji a Tudun Wada, inda nake koyarwa a makarantar firamare. Mijinta ya rasu tun ina ƙarama, ya bar ta da ɗa ɗaya. Sana'arta sarin kayan lambu: kabeji da karas da koren wake da dankalin Turawa. Manoma su sauke mata, masu manyan motoci su ɗora su yi kudu. Doguwa ce, mai murya. In ta yi dariya a layin 'yan kabeji, 'yan tumatir sun san ta fito. Tana da faɗa, amma faɗanta ba ya kwana. Takan wanke mutum tas da safe, da rana ta aika masa da abinci.

Ta haura sittin lokacin da ciwon ya same ta. Zazzaɓi da gudawa ta yi na 'yan kwanaki, ta warke ta koma kasuwa. Sai ta fara cewa yatsun ƙafarta kamar tururuwa na yawo a ciki. Wata rana silifas ɗinta ya fita a tsakiyar kasuwa ba ta sani ba, sai da wani ya biyo ta da shi. Ba a jima ba, ta idar da sallar asuba ta kasa tashi daga kan darduma. Abin ya hau daga ƙafa zuwa gwiwa, ya kama hannuwa, har cokali ya gagare ta. A asibiti likita ya zaunar da mu ya ce garkuwar jikinta ce ta rikice, maimakon ta tsaya kan cutar da ta shigo, sai ta juya ta far wa jijiyoyinta. Sunan ciwon dogo ne, na Turawa, Goggo ba ta taɓa wahalar da harshenta a kansa ba. Mun daɗe a asibitin, har akwai lokacin da aka ji tsoron numfashinta. Allah ya taƙaita, ciwon ya tsaya, sannan ya fara janyewa. Aka sallame ta a keken guragu, hannuwa sun fara dawowa, ƙafafu sun fara motsi. Maigidana ya yi mini izini na koma Gada Biyu da zama don in kula da ita.

Mu a zatonmu an ci ƙarfin abin. Na dai lura in na lulluɓe ta sai ta ture bargon daga ƙafafunta, duk da sanyin damina irin na Jos. In jikanta ya zo wucewa kusa da ita sai ta ƙanƙame jiki. In na tambaye ta sai ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Haka aka tarbiyyantar da su, babbar mace ba ta raki.

Wata safiya ana ruwa ta sa aka hura mata gawayi a kasko don ta ji ɗumi. Da na fito daga kicin na tarar ta miƙa ƙafar hagu har jikin kaskon, diddigenta ya tashi bororo, ita kuwa tana jan carbinta ba ta sani ba. Na janye kaskon na ce, "Goggo, kin ƙone."

Ta leƙa ƙafar, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah. Wutar gaske ban ji ta ba, ta ƙarya ce ta hana ni sakat."

Na ce, "Wace wuta ce ta ƙarya?"

Ranar ta buɗe mini cikinta. Ta ce, "Tun a asibiti ƙafafun nan kamar an tura su cikin garwashi. Wani lokaci allurai ne. Wani lokaci kamar na taɓa wayar lantarki, ya fizge ni har ƙugu. Zanen gado in ya taɓa ni kamar an goga barkono a miki. Na duba, ba kumburi, ba rauni. To me zan ce muku? A ce tsohuwa ta fara ruɗewa?"

Muka kai ta asibiti aka wanke ƙunar aka ɗaure. Daga nan muka shiga sashen gashi, inda ake koya wa majinyata motsa jiki. Ma'aikaciyar da ke duba ta, mace ce mai sanyin magana, ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta ce, "Mama, ciwonki gaskiya ne. Jijiya in ta ji rauni, takan kawo labarin wuta alhali babu wuta, inda kuma akwai wutar ta yi shiru. Akwai abin da za a yi. Amma in ba ki faɗa ba, ba mu da hanyar sani."

Muka ɗauko Goggo muka kama hanyar gida. Can ta ce, "'Yar nan, ashe haƙuri daban, shiru daban. Ni duk rayuwata a haɗe na riƙe su."

Wannan magana ta zama tata. Daga ranar ta ɗauki ciwon kamar yadda take ɗaukar ciniki: a san kaya, a san abokin hulɗa, kada a yi gaggawa. Likita ya rubuta mata maganin jijiya, ya ce ba irin na ciwon kai ba ne da za a sha a ji sauƙi nan take. A hankali ake ƙara shi, a hankali yake kamawa, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. Da farko ya riƙa sa ta jiri da barcin rana. Goggon da sai ta yi shiru, ko ta watsar da shi. Wannan kuwa ta koma ta faɗa, aka gyara mata lokacin sha ya koma yamma. Duk ranar ganin likita tun a gida take shirya bayaninta: a ina yake, wane iri ne, me ya tayar da shi, me ya kwantar.

Matsalar bargo ita ta warware abarta. Ta aika kasuwa aka kawo mata sabon kwandon tumatir, ta sa na yanke gefe guda, na naɗe bakin da tsumma, aka kife shi a ƙarshen gado. Ƙafafunta a ciki, bargo a bisa. Ɗumi na shiga, bargo bai taɓa ta ba. Safa kuwa a juye take sa ta, don kada ɗinkin ya goge ta. Ruwan alwala sai ta tsoma gwiwar hannu ta ji zafinsa tukuna. Kowace safiya in duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko wani abu ya soke ta ba ta ji ba. Kasko kuwa aka yi masa iyaka da bakin ƙofa.

Ma'aikaciyar gashi ta koya mana yadda ake sake sabar wa fata da taɓawa. Aka fara da auduga, a shafa kaɗan a daina. Da ta saba, aka koma tsohon ɗankwali mai laushi, daga nan tawul. Sannan aka ce ta riƙa tsoma ƙafa a cikin tasar acca tana motsa yatsu, daga baya shinkafa, daga baya wake. Nan ne ta yi gardama. Ta ce, "Ni da na ci da kaina da abinci, yau ni ce zan taka shi?" Sai da aka yi yarjejeniya duk tsabar da ta taka kajin gida za a ba, ba za a zubar ba. Kajin nan sun yi ƙiba a shekarar.

In zafin ya taso mata ana hira, ba ta ƙara ɓoyewa ba. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ku dakata mini." Ta ja numfashi mai tsawo, ta sauke shi a hankali da salati, ta maimaita har ya lafa. In ya ƙi lafawa ta ce a kunna rediyo a miƙo mata faifan wake ta tsince. Takan ce ciwon nan halin yaro mai rigima gare shi, in ka zuba masa ido sai ya ƙara. Akwai ranar da ta tashi da ƙarfi, ta dafa bango ta share tsakar gida kakaf, ta wanke 'yan kwanuka, tana ta murna. Washegari ko zama ta kasa. Da ta farfaɗo ta ce, "Na cinye ƙarfin gobe a jiya." Tun daga nan ta iya raba aiki gutsi-gutsi, ta yi kaɗan ta huta tun ciwo bai ce ta huta ba. In ta ga ina wuce gona da iri a aikin gida sai ta ce, "Rage wa gobe."

Ɗanta mai gyaran mota ne, mutum mai taushin zuciya, ba ya iya kallon uwarsa tana cije leɓe. Wata rana ya kawo mata wasu ƙwayoyi da wani abokinsa ya ba shi, ya ce masu ƙarfi ne, ko ƙashi ne ya karye suna kashe zafin. Ta sha. Gaskiya zafin ya yi nisa, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Amma ba a yi nisa ba ta kama kanta tana neman ƙwayar tun zafin bai zo ba, in ba ta sha ba ranta ya ɓaci, ta yi ta hamma. Ta ce in miƙo mata kwalin. Ta juya shi a hannu, ta ce ta san shi, ta sha ganin irinsa a yashe bayan rumfuna inda wasu 'yan dako ke sha don su jure buhu, ta kuma ga yadda ya mayar da ƙarti abin tausayi.

Da ɗanta ya shigo gaishe ta da yamma, ta ce, "Kai, zauna nan." Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ta ce, "Na san tausayi ne ya sa ka. Allah ya yi maka albarka. Amma ni so nake in warke ina cikin hankalina. Gobe kai za ka raka ni, mu nuna wa likita abin da muka yi."

Ya ce, "Inna, zai yi mini faɗa."

Ta ce, "Zai yi mana. Ai ni na haɗiya."

Likita ya ce sun yi arziki, haɗa wannan da maganinta na iya danne numfashi. Ya tsara mata yadda za ta rabu da shi sannu a hankali. Ta wahala 'yan kwanaki, ta fita. Ba ta taɓa tayar wa ɗanta maganar ba bayan nan.

Faɗan da ya fi girgiza gidan shi ne nata da mahaifina. Baba tsohon direban babbar mota ne, da girma ya zo ya sayi keke mai ƙafa uku yana ɗaukar fasinja a cikin gari. Watanni sun shuɗe, Goggo ta fara taku da sanda a tsakar gida, rumfarta kuwa wata abokiyar sana'arta ce ke duba mata. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Baba ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Ya ce ya yi shawara da dangi, a bar wa wani rumfar, ita ta zauna ta huta. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, "Yaya, likita ya sallame ki, ƙafa ta fara taku. Wannan zafin da ba a gani, ko dai sa wa rai ne, ko kuma da hannu a ciki. Akwai wani mai magani da aka ba ni labari, tsaga yake yi ya shafa magani, an ce kamar yankan wuƙa."

Goggo ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ƙafar da ta ƙone ba ta sani ba, ita za ka kai a tsaga da aska?"

Ya ce, "Ni dai abin da ido bai gani ba..."

Ta katse shi. "Ni na goya ka. Lokacin da kake kukan ciwon kunne, na ga ciwon da idona? Ban gani ba. Amma na yarda da kai, na yi ta jijjiga ka har bayana ya ƙage. Yau ni ce zan ce ina jin zafi ka ce sa wa rai ne?" Ta ce, "Rumfa kuma ba ta zama gado ba tukuna. Da raina."

Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita ba sallama. Ya ɗauke ƙafa daga gidan, sai dai ya aiko mahaifiyata da gaisuwa. Goggo ma ta kafe, ko sunansa ba ta ambata. Wannan ne kaɗai faɗanta da na san ya kwana.

A lokacin babbar wahalarmu ita ce zuwa asibiti. Girgizar ƙasan keke tana tayar mata da zafi, kafin mu isa ta jiƙe da gumi. Na taɓa faɗa wa mahaifiyata haka a cikin hira. Ranar da za mu koma ganin likita, muna shirin fita neman abin hawa, sai muka ji keke ya tsaya a ƙofar gida. Baba ne. Ya yanko soson katifa mai kauri ya shimfiɗa a inda fasinja ke sa ƙafa, ya rufe da tsohon bargo mai laushi, ya ajiye matashi a kujera. Bai shigo ba, daga waje ya ce, "Ku fito, rana na yi."

Goggo ta fito ta dubi soson, ta dubi ƙaninta, ta hau. Ya ja mu a hankali yana kauce wa kowane rami, masu motoci na ta danna masa oda, ko a jikinsa. Da muka isa ya shiga har gaban likita, ya cire hula ya zauna ya saurari bayani, ya yi tambayoyinsa. A hanyar dawowa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaya, ashe haka abin yake."

Ta ce, "Haka yake. Dubi gabanka, ga rami can."

Iyakar ban haƙurin ke nan, kuma ya wadatar da su. Daga ranar shi ke kai ta, shi ke dawo da ita, maganar rumfa da ta mai tsaga ba ta ƙara tashi ba.

Fitarta ta farko da ƙafarta ba don kanta ta yi ba. Mijin Mama maƙwabciya, wanda duk layin ke kira Oga, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, yana fama da ciwon suga. Wata rana Mama ta shigo tana share hawaye da bakin zane. Ta ce ƙafafunsa sun hana shi sukuni, ya daina fita, ya daina zuwa coci, kowa ya yi masa magana sai ya hau shi da faɗa, 'ya'yansa na cewa tsufa ne kawai. Goggo ta ce in miƙo mata sandarta da takalmanta masu laushi. Na ce ta bari in kira Baba. Ta ce, "Don tsallaka layi? Riƙe mini hannu."

Muka tsallaka, tana taku tana hutawa. Muka tarar da shi a kujera ya juya wa ƙofa baya. Ta zauna ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Sai ta ce, "Oga, naka allura ne ko garwashi?"

Ya juyo ya dube ta sosai. Ya ce, "Duka biyu, Hajiya."

Ta ce, "To sannu, ɗan'uwa. In zani ya taɓa fa?"

Ya ce, "Kamar reza."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce tunda abin ya fara ba wanda ya taɓa tambayarsa wane iri ne, kowa sai "sannu, zai wuce." Goggo ta gaya masa ciwonta da nasa ba uwa ɗaya ba ne, don haka ba za ta ba shi ko ƙwaya ɗaya daga maganinta ba. Ta ce ya je ya faɗa wa likitansa kamar yadda ya faɗa mata, kada ya rage komai, ya kuma riƙe dokar sugansa. Ta ce wa Mama ta riƙa duba masa tafin ƙafa kullum, ta raba shi da ruwan zafi. Da yamma ta aika masa da kwandon tumatir, an yanke gefe an naɗe baki.

Oga ya je asibiti, ya samu sassauci, ya koma cocinsa. Suka mayar da abin gaisuwa. Da safe yana kan dakalinsa, tana bakin ƙofarta, sai ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, yau fa?" Ta ce, "Tururuwa ce kawai. Kai fa?" Ya ce, "Allura, amma ƙarama." Su yi dariya, masu wucewa ba su san zancen ba. Daga baya labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa wurinta, wanda ciwon suga ya taɓa wa ƙafa, wadda haɗarin mota ya bar wa zafi a hannu. Ba ta taɓa ɗaukar kanta mai magani ba. Takan saurara, ta yarda da mutum, ta koya masa abin da ta koya, ta tura shi asibiti.

Ba zan ce zafin ya rabu da ita ɗungurungum ba. Ya ragu ƙwarai, har likita ya rage mata magani, amma ya maƙale a yatsun ƙafa, in sanyi ya tsananta yakan tuna mata yana nan. Ta san shi, ta san abin da za ta yi masa, bai kuma ƙara hana ta abin da ta sa gaba ba.

Ranar da ta koma Farin Gada ina tare da ita. Baba ya so ya kutsa da keke har bakin rumfa, ta ce a'a, ya sauke ta a bakin kasuwa. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk taɓo da ganyen kabeji, ga masu baro, ga motoci na lodi. Ta kafa sandarta ta fara tafiya. Wata mai karas ce ta fara hango ta, ta saki mudu ta taso. Kafin ka ce me, labari ya riga mu shiga. 'Yan dako suka riƙa ture baro gefe suna buɗe mata hanya, ana ta "Sannu da zuwa, Hajiya," "Barka da arziki."

Muna tsakiyar layi abin ya fizge ta. Na ji hannunta ya matse nawa, ta tsaya cak. Wani daga cikin 'yan dako ya ce a kawo baro a ɗauke ta. Ta girgiza kai ta ce, "Ku dai ba ni wuri in numfasa. Na san shi, zai sauka." Ta jingina da sanda, ta ja numfashinta ta sauke, jama'a suna jira. Da ya sake ta, ta ɗaga kai ta ci gaba, har ta kai rumfarta.

Abokiyar sana'arta ta share mata benci, na ninke buhu na sa mata a ƙarƙashin ƙafa. Ko gaisuwa ba a gama ba wani manomi ya iso da kaya. Goggo ta ɗauki kabeji ɗaya ta jinjina a hannu, ta matsa shi, ta ce, "Na sama ka zaɓo mini. Zazzage buhun mu ga na ƙasa." Manomin ya yi dariya ya ce lallai Hajiya ta dawo. Baba na tsaye a gefe yana goge ido da hularsa. Ta hango shi ta ce, "Kai kuma me kake jira? Je ka nemi fasinja, ka dawo da la'asar."

Ta yi shekaru bayan nan tana cin kasuwarta, ta aurar da jika, ta yi sallolinta a tsaye, har ranar da Mai ita ya kira.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata kurakuranta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ya Ubangiji, ƙafafun nan sun ɗanɗani wuta tun a duniya. Ka haramta su ga ta lahira, ka sanyaya mata makwanci. Amin.